Maginin shafi ya ɓace daga WordPress bayan sabuntawa, ina ya kamata a fara dubawa?

Malam_Maigari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan shafin intanet na makarantarmu, wanda kula da shi ya dawo hannuna bayan wanda ya gina shi ya bar garin. An gina shi ne a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kuma da maginin feji mai suna WPBakery Page Builder aka tsara kowane feji da ke cikinsa. A da, idan na buɗe feji domin gyara, maɓallai biyu ne ke fitowa a ƙarƙashin take, ɗaya an rubuta Backend Editor, ɗaya kuma Frontend Editor, kuma da na danna na farko sai layuka da akwatuna su bayyana, in sauya rubutu ko hoto yadda nake so. An shekara da shekaru ba a sabunta WordPress ɗin ba, sai na sabunta shi a makon da ya wuce. Tun daga nan maɓallan biyu suka ɓace. Abin da nake gani yanzu shi ne farin fili cike da rubutu irin su vc_row da vc_column a cakuɗe da bayanan makaranta. Ga masu ziyara shafin yana nan lafiya, amma ni ba ni da hanyar gyara shi, ga shi kuma lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya matso, ana son a saka sanarwa. Shin aikin ya lalace ke nan, ko akwai yadda za a dawo da maginin?

Malamar_Lambobi: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, kada ka danna maɓallin adanawa a kan kowane feji yayin da kake ganin wannan rubutun, kuma idan ka ga wani zaɓi mai suna Convert to blocks kada ka taɓa shi. Aikinka bai lalace ba. Waɗannan vc_row da vc_column su ne ainihin fejin naka, domin WPBakery yana adana tsarin feji ne a matsayin gajerun umarni a cikin rubutun kansa, akwatunan da ka saba gani kuwa fassarar waɗannan umarnin ce kawai. Tunda masu ziyara suna ganin shafin daidai, wannan shaida ce cewa manhajar tana nan a kunne kuma tana karanta umarnin, domin da a kashe take da su ma wannan tarkacen rubutun za su gani. Matsalar tana ɓangaren gyara ne kaɗai. Ka fara ɗaukar cikakken kwafin ajiya na fayiloli da rumbun bayanai, ko ta cPanel, wato wurin sarrafa shafi na kamfanin da ke ajiye shi, ko da manhajar UpdraftPlus, ka sauke shi a kwamfutarka, sannan mu ci gaba.

Ɗan_Damagaram: Abin da Malama ta faɗa gaskiya ne. Ina zargin cewa ka tsallako ne daga sigar da ta gabaci WordPress 5.0, wadda ta fito a Disamba 2018 da sabon editan bulo da ake kira Gutenberg. Maɓallan da kake nema a tsohon edita suke zama, sabon kuwa ya maye gurbinsa gaba ɗaya. Ka shiga saitunan WPBakery, ƙarƙashin General Settings, za ka ga wani akwati da aka rubuta Disable Gutenberg Editor. Ka yi masa alama ka adana, sannan ka sake buɗe fejin.

Malam_Maigari: Na gode muku. Na ɗauki kwafin ajiyar kamar yadda Malama ta ce. Na shiga General Settings na duba daga sama har ƙasa, amma babu akwatin da Malam Ɗan_Damagaram ya ambata. A jerin manhajojin ƙari na ga WPBakery a kunne yake, lambar sigarsa ta fara da 5.4, kuma babu wata sanarwar sabuntawa da zan iya dannawa.

Tsohon_Hannu: To, yanzu magana ta fito fili. Sigar 5.4 ta 2017 ce, an fitar da ita kafin a ƙara wancan zaɓin na kashe Gutenberg, shi ya sa ba ka gan shi ba. Hanyar da za ta ba ka sakamako iri ɗaya ita ce ka ɗora manhajar Classic Editor daga rumbun WordPress, kyauta ce, kuma da zarar ka kunna ta tsohon edita zai dawo. Amma ina so ka shirya ranka, domin da wuya wannan kaɗai ya wadatar. Tsakanin 2017 da yau WordPress ya sauya abubuwa da yawa da maginin yake dogaro da su, babba daga ciki shi ne jQuery, wani kundin umarnin JavaScript da manhajoji suke amfani da shi a cikin burauza. A sigar 5.5 ta Agusta 2020 aka daina ɗora tsohon jQuery Migrate, wanda shi ne yake rufa wa tsofaffin umarnin manhajoji asiri, sannan a sigar 5.6 ta Disamba 2020 aka ɗaga jQuery ɗin kansa zuwa 3.5.1. Duk manhajar da aka rubuta da tsofaffin umarni kuma ba a sabunta ta ba, tana iya nuna maɓalli amma ta kasa buɗewa. Waɗanda suka daɗe a harkar nan za su tuna cewa irin haka ta faru a 2016 lokacin da WordPress 4.5 ya fito, tsofaffin sigogin Visual Composer, wato WPBakery a tsohon sunansa, suka riƙa tsayawa suna juyi kawai, kuma maganin a lokacin ma sabunta manhajar ne.

Gwanin_Zane: Ƙaramin ƙarin bayani ga wanda zai je bincike, saboda suna yana rikita mutane. Manhajar da ake kira WPBakery Page Builder yanzu ita ce aka sani da Visual Composer kafin a sauya mata suna a 2017, kuma har yau foldarta js_composer take amsawa. Akwai kuma wata manhaja dabam mai suna Visual Composer Website Builder, wadda ba ta karanta fejin da aka gina da WPBakery. Na taɓa karɓar wani aiki inda mai shafin ya ga magininsa ya ɓace, ya rubuta Visual Composer a wurin neman manhaja, ya ɗora wadda ta fito masa, sannan ya yi mamakin ganin fejin fanko a cikinta. Malam ya kiyaye wannan.

Malam_Maigari: Na ɗora Classic Editor, kuma alhamdu lillahi maɓallan biyu sun dawo. Sai dai abin da Tsohon_Hannu ya hango ne ya faru. Idan na danna Backend Editor, alamar jira ce take ta juyawa ba tare da akwatunan sun fito ba. Frontend Editor kuma yana buɗe fejin amma babu abin da yake amsa dannawa.

Sarkin_Saba: Kafin mu ɗora laifin duka a kan jQuery, ya kamata mu ji abin da burauzar kanta take cewa. Malam, ka buɗe fejin a Chrome ko Firefox, ka danna F12, ka zaɓi ɓangaren Console, sannan ka sake loda fejin ka karanta jan rubutun da zai fito. Abin da muke so shi ne layin farko, tare da sunan fayil ɗin da ke gefensa, domin sauran kurakuran galibi biyo bayan na farkon suke yi. Sannan ka duba ɓangaren Network ka ga ko fayil ɗin admin-ajax.php yana dawo da 403 ko 500. Lambar 403 galibi tana nufin wata katangar tsaro ce ta tare buƙatar, kuma idan a kan sabar take, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kamar ModSecurity, sai kamfanin da ke ajiye shafin ne zai buɗe maka. Lambar 500 kuwa galibi kuskuren PHP ne, wato harshen da aka rubuta WordPress da shi, ko ƙarancin ƙwaƙwalwa. Idan ita ce, sai ka buɗe wp-config.php ka mayar da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG zuwa true, ka bar WP_DEBUG_DISPLAY a false don kada masu ziyara su ga kurakuran, sannan ka karanta fayil ɗin debug.log da zai bayyana a foldar wp-content. Haka kuma ka faɗa mana sigar PHP da kake kai, za ka same ta a Tools, ƙarƙashin Site Health.

Ɗalibin_Zamani: Ni a ganina duk wannan doguwar hanya ce. Akwai wuraren da ake samun sabuwar sigar WPBakery kyauta, an riga an cire mata buƙatar lasisi. Malam ya sauke ya ɗora kawai, cikin minti biyar an gama. Abokaina da yawa haka suke yi.

Malamar_Lambobi: Ɗalibin_Zamani, ƙanena, ina roƙonka kada ka ba da wannan shawarar, musamman a kan shafin makaranta inda iyaye suke cika fom da sunayen 'ya'yansu da lambobin wayarsu. Waɗanda suke raba irin waɗannan kwafin ba don Allah suke yi ba. Cutar nan da ake kira WP-VCD, wadda kamfanin tsaro na Wordfence ya yi cikakken rahoto a kanta a 2019, ta wannan hanyar ta yaɗu, wato ta manhajoji da rigunan shafi (themes, tsarin da ke ba shafi kamanninsa) na sata. Da zarar an kunna kwafin sai ta dasa fayilolinta a cikin wp-includes, ta shiga functions.php na duk rigunan da ke kan shafin, ta buɗe wa masu ita ƙofar baya, ta kuma fara saka tallace-tallace da mahaɗan da mai shafin ba ya gani. Goge manhajar daga baya ba ya cire cutar. Na share irin wannan ɓarnar a shafukan mutane, kuma kuɗin da suka kashe wajen tsaftacewa ya ninka kuɗin lasisin da suka guje wa.

Ɗalibin_Zamani: Na ji, Yaya, kuma na gode da bayanin. Amma tambayata ita ce, idan wanda ya gina shafin ya tafi da asusun da ya sayi kayan, kuma katin banki na naira ba kullum yake wucewa wajen sayen kaya da dala ba, me ake so mutum ya yi? Wannan ne yake tura mutane can.

Tsohon_Hannu: Tambayarka tana da tushe, kuma ita ce ainihin matsalar Malam_Maigari. Dalilin da ya sa bai ga sanarwar sabuntawa ba shi ne WPBakery ɗinsa tare da rigar shafin ya zo, wato tsarin da ke ba shafin kamanninsa, kamar yadda ake sayar da riguna da yawa a ThemeForest, kasuwar rigunan shafi ta intanet. Irin wannan kwafin ba shi da lasisin kansa. Mai rigar ne yake saka sabuwar sigar maginin a cikin sabuntawar rigarsa, don haka sai an sabunta rigar tukuna, sannan a shiga Appearance, ƙarƙashin Install Plugins, a sabunta maginin daga can. Wanda ya sayi riga a ThemeForest yana ci gaba da samun sabuntawa muddin mai ita yana fitarwa, tallafin amsa tambayoyi ne kawai yake ƙarewa bayan wata shida idan ba a tsawaita ba. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a nemo wanda ya gina shafin, a roƙe shi ya sauko da sabon fayil ɗin rigar daga asusunsa ya turo. Idan ba a same shi ba, sai makarantar ta buɗe asusu da sunanta ta sayi rigar ko ta sayi lasisin maginin kai tsaye. Ni dai ina ganin duk wanda zai ba da aikin gina shafi ya sa sharaɗi tun farko cewa da imel ɗin ma'aikatarsa za a sayi komai, domin wannan rikicin na gado ya fi kowace matsalar fasaha yawa a cikin abin da ake kawo mini.

Malam_Maigari: Ga sakamakon abin da Sarkin_Saba ya nema. A Console layin farko ja ne, ya ƙare da kalmomin is not a function, kuma fayil ɗin da ke gefensa yana cikin foldar js_composer. A Network kuwa admin-ajax.php yana dawo da 200. Sigar PHP ita ce 7.4.

Sarkin_Saba: Madalla. Wannan ya wanke sabar, ya kuma tabbatar da maganar Tsohon_Hannu. Domin ka samu ka saka sanarwar ɗaukar ɗalibai, ka ɗora Enable jQuery Migrate Helper, wadda masu WordPress da kansu suka fitar saboda irin wannan yanayin. A saitunanta akwai inda za ka zaɓi tsohon jQuery na 1.12.4, kuma akwai kyakkyawan zato cewa maginin zai buɗe. Amma ka ɗauke ta a matsayin safayar taya wadda ake sakawa don a isa wurin mai faci. Sannan ina ja maka kunne a kan PHP. An daina ba sigar 7.4 gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, kuma kamfanonin ajiye shafi suna ta matsar da mutane zuwa 8. A PHP 8.0 an cire wasu tsofaffin umarni gaba ɗaya, irin su create_function da each, waɗanda tsofaffin riguna da manhajoji suka cika amfani da su. Ranar da aka matsar da kai alhali kana kan kayan 2017, abin da zai ɓace yana iya wuce maɓalli, shafin duka yana iya tsayawa. Kada ka ɗaga PHP da hannunka sai ka sabunta rigar da maginin.

Hajiya_Mai_Shago: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda kusan iri ɗaya ce. Ni wani magini mai suna Elementor nake amfani da shi a shafin kayan ɗinki da nake sayarwa. Maɓallin Edit with Elementor yana fitowa a kowane feji, amma fejin da ke nuna jerin kayan shago da wanda ke nuna labarai sun ƙi gyaruwa da shi. Shin ni ma jQuery ɗin ne?

Gwanin_Zane: A'a Hajiya, taki ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake. Fejin da aka zaɓa a matsayin Posts page a Settings, ƙarƙashin Reading, da kuma fejin da WooCommerce, manhajar buɗe shago, ya ɗauka a matsayin shago, WordPress ba ya nuna abin da aka rubuta a cikinsu, jerin labarai ko jerin kaya yake zubawa a wurin ta hanyar samfurin da rigar ta tanada. Shi ya sa magini ba shi da abin da zai kama a ciki. Ana sauya kamanninsu ne ta saitunan rigar, ko ta Theme Builder idan kina da Elementor Pro. Idan kuma wata rana kika ga maɓallin ya ɓace a wani nau'in rubutu gaba ɗaya, sai ki duba saitunan Elementor inda aka jera Post Types ki tabbatar an yi wa nau'in alama.

Ɗan_Damagaram: Tunda an ambaci Elementor, ni ra'ayina shi ne Malam_Maigari ya yi amfani da wannan damar ya bar WPBakery kwata-kwata. Shafin makaranta bai wuce 'yan fejoji ba. Ya sake gina su da editan bulo na WordPress, wanda ba ya buƙatar lasisi kuma tare da WordPress ɗin ake sabunta shi, ya huta da wannan wahalar har abada.

Malamar_Lambobi: Ban ƙi ra'ayin ba a matsayin shiri na nan gaba, amma ba aikin wannan makon ba ne. Da zarar an kashe WPBakery, duk fejin da ba a sake ginawa ba zai nuna wa jama'a gajerun umarnin nan tsirara, kuma sau da yawa rigar kanta ta ƙara nata akwatunan a cikin maginin, kamar jerin malamai ko hotuna masu juyawa, waɗanda ba su da takwara kai tsaye a editan bulo. Aiki ne da ake yi a kan kwafin gwaji, feji bayan feji, a lokacin hutu. Kuma ban yarda cewa editan bulo yana kawar da matsala har abada ba, domin mutane suna ƙarewa ne da ɗora wasu manhajojin bulo na ƙari, su ma kuma idan aka bar su ba sabuntawa haka za su tsufa.

Tsohon_Hannu: Ina tare da Malama a nan, sai dai zan ƙara cewa idan aka gano mai rigar ya daina fitar da sabuntawa, to shawarar Ɗan_Damagaram ta zama dole, domin sabon magini a kan tsohuwar riga ma yana kawo nasa saɓanin. Malam ya duba sunan rigar a Appearance, ya nemi shafinta a ThemeForest ya ga ranar sabuntawa ta ƙarshe kafin ya kashe ko sisi.

Malam_Maigari: Allah ya saka muku da alheri. Bayan na ɗora jQuery Migrate Helper na zaɓi tsohuwar sigar, Backend Editor ya buɗe, akwatunan sun dawo yadda na san su, kuma na saka sanarwar. Frontend Editor har yanzu ba ya amsawa sosai, amma ba shi nake buƙata ba a yanzu. Saura abu ɗaya: sakatariyar makaranta, wadda take shiga da asusun Editor, ta ce ita har yanzu ba ta ganin maɓallan, alhali ni ina ganinsu a kan feji ɗaya.

Gwanin_Zane: Wannan ba ya rasa nasaba da izini. Ka shiga saitunan WPBakery ka buɗe Role Manager, ka gangara zuwa rukunin Editor, ka tabbatar cewa Post types bai tsaya a Disabled ba, kuma Backend editor da Frontend editor suna kan Enabled. Idan ana so ta yi amfani da maginin a kan labarai ma, sai ka sauya daga Pages only zuwa Custom ka yi wa post alama. Idan duk wannan daidai yake, ta buɗe bayanan asusunta ta duba ko akwai akwatin Disable the visual editor when writing da aka yi wa alama, ta cire. Sannan a saitunan Classic Editor, idan an bar wa kowa damar zaɓar editansa, mai yiwuwa ita har yanzu editan bulo ne yake buɗe mata.

Sarkin_Saba: Kuma ta share ma'ajiyar wucin gadi ta burauzarta, ko ta gwada a tagar sirri, domin tsofaffin fayilolin JavaScript suna maƙalewa. Game da Frontend Editor, shi a cikin firam yake loda fejin, don haka abubuwa biyu nake fara dubawa. Na farko, adireshin WordPress da adireshin shafi a Settings, ƙarƙashin General, su zama iri ɗaya, kada ɗaya ya kasance da https ko www ɗayan babu. Na biyu, duk wata manhajar da ke haɗa ko jinkirta fayilolin JavaScript don ƙara sauri, har da Rocket Loader idan shafin yana bi ta Cloudflare, a kashe ta a gwada. Idan ana son gano ko wata manhaja ce take karo da maginin ba tare da an taɓa abin da iyaye ke gani ba, manhajar Health Check & Troubleshooting tana kashe manhajoji ga mai gudanarwa shi kaɗai, sai ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan_Damagaram: Ni har yanzu ina ganin Frontend Editor ɗin ba zai daidaita ba sai an sabunta maginin, ko da an bi duk waɗannan matakan. Sigar 2017 ce fa muke magana a kai.

Malam_Maigari: Na duba Role Manager, rukunin Editor a Disabled yake, na sauya shi, kuma na sanar da sakatariyar ta gwada idan ta zo ofis gobe. Rigar kuwa na same ta a ThemeForest, mai ita yana nan yana sabunta ta. Na tura wa wanda ya gina shafin saƙo ina jiran amsa, kuma zan kai wa shugaban makaranta maganar sayen lasisi da sunan makarantar idan shiru ya yi yawa. Abin da ban gane ba shi ne, idan fayil ɗin sabuwar rigar ya zo, shin gyare-gyaren launi da tambarin da aka yi a kan tsohuwar za su tsira?

Malamar_Lambobi: Ya danganta da inda aka yi su. Abin da aka saita ta Customizer ko ta zaɓuɓɓukan rigar yana cikin rumbun bayanai, sabuntawa ba ta goge shi. Abin da aka rubuta kai tsaye a cikin style.css ko functions.php na uwar rigar kuwa zai tafi, sai dai idan a cikin 'yar riga aka yi shi. Ka duba Appearance ka ga ko rigar da ke kunne tana da kalmar Child a sunanta, ka faɗa mana kafin ka ɗora komai, kuma ka fara gwadawa a kan kwafin gwaji idan kamfanin da ke ajiye shafin ya tanadar da shi.